Numfashi Na Biyu

Shekara goma sha ɗaya tana kwance
a tsakar gidanmu na Aboabo,
Datsun ja mai ƙofa biyu.
Kaji sun yi ƙwai a kujerarta,
Azumi na shanya barkono a bonet ɗinta,
ni kuwa in na zo wucewa sai in dafa ta
kamar mai gai da majinyaci.

Baba ya saye ta hannun wani likita da zai bar ƙasar.
Yakan ce: tana da zuciya, huhu ne ƙarami.
Shi da ya sha hayaƙin Suwame shekara arba'in,
nasa huhun ne ya riga gazawa.

Ran Asabar na shiga Magazin,
laka har idon sawu.
Opoku ya zaro min ita daga ƙarƙashin tarin ƙarafa:
turbo, katantanwar ƙarfe,
daga cikin wata mota da ta mutu a hanyar Tamale.
Ya ce sidi dubu biyu. Na ce ɗari takwas.
Muka yi rantsuwa da harsuna uku,
muka rabu a dubu da ɗari biyu, da kuɗin koko.

Ga aikinta, in ba ka sani ba:
hayaƙin da inji ya fitar,
wanda kowa ke toshe wa hanci,
shi ke juya farfela,
farfela ta cusa sabuwar iska a ƙirjin inji.
Abin da ka zubar, shi ke dawo maka da ƙarfi.
Na daɗe zaune kan bokiti ina juya wannan magana.

Mako bakwai.
Salansa ta ƙi zama,
sau uku Mutawakilu mai walda yana lanƙwasa bututu.
Aka ɗauke wuta, na riƙe tocila da haƙori.
Noti mai lamba goma ya faɗa kwata, har yau bai dawo ba.
Kafireta ta yi gardama, tiyon mai ya yi yoyo,
na ƙone babban yatsa na ɓoye shi a aljihu.
Azumi ta ce: kuɗin kwanon rufi ne fa
ka rataya wa tsohuwa a wuya.
Ban tanka ba. Gaskiya ta faɗa.

Mutawakilu ya ja kunnena:
fistin ɗin nan sun girme ka.
Tsoho in ka ɗura masa iskar da ta fi ƙirjinsa,
tsagewa zai yi. Ba ta kaɗan-kaɗan.
Na ce to.

Asubar Lahadi, kafin coci-coci su kunna lasifika,
yara suka tura ta bakin titi.
Ta yi tari.
Tarin da na sani,
wanda ke tashin mu tsakar dare daga ɗakin Baba.
Sai ta kama.

Hanyar Ejisu ba kowa.
Giya ta biyu, ba labari.
Ta uku, na taka totur,
ta yi jim kamar mai neman amsa,
sannan wani siririn fito ya taso daga ƙarƙashin bonet,
kujera ta dafa bayana da tafi biyu,
itatuwa suka narke suka zama kore ɗaya.
Na manta da to ɗin da na ce.
Na ji bakina yana kiran sunan
da ban kira da ƙarfi ba shekara goma sha ɗaya.

Minti huɗu, ko biyar.
Allura ta hau ja,
farin tururi ya rufe gilashi.

Na zauna a gefen hanya kusa da mai gasa ayaba,
ƙarfe yana ƙas-ƙas yana hucewa.
Ta ce: ta mutu?
Na ce: a'a, numfashi ta ja.
Ta miƙo min ayaba ɗaya da gyaɗa, ba ta karɓi kuɗi ba.

Tirotiro ne ya jawo mu gida da igiya.
Azumi na bakin ƙofa,
faifan barkono a hannunta,
tana jiran bonet ya huce.